Yadda ake bugu da haruffan dalma, tun daga jeri har takarda ta fito

Duk wanda ya yi firamare a garin nan zai tuna lokacin da muke samun tsohon silifa mu yanka da reza mu sassaƙa sunanmu a jiki, a fasa biro a shafa tawadar a danna a bayan littafi. Karon farko sunan a juye yake fitowa, sai wani yaya a unguwa ya ce kai ai a baibai ake sassaƙawa. Toh wannan wasan yaran shi ne gaba ɗaya tushen aikin da zan yi bayani, wanda masu maɗaba'a ke ce ma letafires. Harafi ne mai tudu da aka yi shi a juye, tawada ta hau kan tudun kawai bata shiga kwarin ba, sai a danna takarda a kai. Hatimin ofis haka yake aiki, na mai unguwa ma haka. Bambancin shi ne a nan kowane harafi zaman kansa yake, ɗan ƙarfe ne da zaka ɗauka da yatsa biyu, ka jera su su zama kalma, ka buga, ka wargaza ka mayar da su gidansu, gobe kuma su zama wata kalmar.

Ni a hannun wani dattijo na koya a Tudun Wada, Allah ya jiƙansa da rahama, duk shagon Baba muke ce masa. Ranar da na fara zuwa bai bani ko harafi ɗaya ba, tambayata ya yi me ya sa Bahaushe yake cewa an buga littafi, an buga jarida, bugu na biyu, alhali ba wanda aka doka. Amsar tana jikin injin, domin da gaske bugu ake yi, ƙarfe ne yake haɗuwa da takarda har ka ji ƙarar. Ita kuma kalmar ɗab'i daga Larabci muka aro ta, asalinta danna hatimi a kan abu ya bar alama, kuma tushensu ɗaya da ɗabi'a. Baba yana yawan maimaita wannan, wai ɗabi'a ita ce abin da aka danna a jikin mutum ya zauna baya gogewa. Har yau in na shafa bayan katin da aka buga da dalma na ji ɗan tudun nan a yatsana sai maganar ta dawo min.

Aikin tsoho ne sosai. A ƙasar Sin wani mai suna Bi Sheng ya yi haruffan yumɓu wajajen 1040, a Koriya an buga littafi da haruffan ƙarfe a 1377, sannan Johannes Gutenberg a birnin Mainz na Jamus wajajen 1450 ya haɗa abubuwan da har yau su muke amfani da su, wato haruffan da ake zubawa da dalma da kuza da wani ƙarfe da ake ce wa antimoni, da tawada mai mai, da injin matsa. Kuzan nan dai irin wanda aka yi ta haƙa a Jos. A Najeriya injin farko Kalaba ya sauka a 1846 ta hannun Hope Waddell, Henry Townsend ya fara jaridar Iwe Irohin a Abeokuta a 1859, mu kuma a Arewa Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Janairun 1939 a Zariya da Abubakar Imam a matsayin edita, Kamfanin Gaskiya ya biyo baya a 1945. Duk wannan zamanin dalma ne, kakanninmu da suka koyi boko a yaƙi da jahilci irin wannan bugun suka fara karantawa.

Toh mu zo kan kaya. Abu na farko haruffan, suna zuwa a cikin kes, wani faffaɗan akwatin katako mai ɗakuna-ɗakuna, kowane harafi da ɗakinsa. Sai sitik, ɗan ƙaramin tire na ƙarfe da ake riƙewa a hannun hagu ana jeri a ciki. Sai sifes, ƙarafan da basu kai tsayin harafi ba waɗanda ake sawa tsakanin kalma da kalma, da led, siraran ƙarafa na tsakanin layi da layi. Sai ces, firam ɗin ƙarfe da ake ɗaure aikin a ciki, da katakan cike gurbi, da makullan matsewa da mabuɗinsu, da wani ɗan katako mai santsin ƙasa na daidaita haruffa, da teburi mai shimfiɗaɗɗen ƙarfe ko dutse wanda bashi da ko ɗan lanƙwasa. Sai tawada da injin.

Ina za a samu? Gaskiya sai da yawo. Ka shiga tsofaffin maɗaba'u na cikin gari ka yi sallama ka nemi mai shagon da kansa ba yaran ba, da yawansu suna da kes a ƙarƙashin teburi ƙura ta rufe, wasu kuma abin takaici sun riga sun sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo an narkar. Wannan abin yana min ciwo matuƙa, na taɓa zuwa wani shago kwana biyu kacal bayan an kwashe kes sun fi goma, katakon ma an yi makamashi da shi. In ka samu ka saya ko baka da inji tukuna. Ces da mabuɗi da ƙarfen rola, wato abin da ke birgima yana shafa wa haruffa tawada, in ka kai samfur Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere ta Kaduna, za a ƙera maka, hannun mutanen nan ba abin rainawa bane. Wanda kuma yake son karatun abin da tushe, Kaduna Poly tana da sashen fasahar ɗab'i.

Wani abu da zaka kula da shi wajen saye, tsayin harafi. Na Ingila da Amurka tsayinsu inci 0.918 ne, wato kusan milimita 23.3, na Jamus da Faransa kuma milimita 23.56. A ido ba zaka ga bambanci ba amma in ka cakuɗa su a layi ɗaya dogayen zasu huda takarda gajerun kuma ko tawada ba zasu taɓa ba, kuma da yake kayanmu daga ko'ina ake shigo da su wannan cakuɗin yana faruwa sosai. Ka tsayar da harafi ɗaya daga kowane kes a kan gilashi ka ɗora rula a kansu, nan take zaka gane. Girman harafi kuma da foyin ake aunawa, foyin 12 shi ne faika ɗaya, faika shida kusan inci ɗaya. Mai koyo ya fara da foyin 18 ko 24, ƙananan irin 8 da 10 sai hannu ya faɗa.

Inji kala-kala ne. Akwai Adana, ɗan ƙarami ɗan Ingila da ake ɗorawa a kan teburi ana dannawa da hannu, shi ne ya fi dacewa da mai farawa. Akwai manya na tsaye masu feda da ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki, irin Chandler & Price na Amurka. Sai Heidelberg na Jamus mai hannuwa biyu masu juyawa kamar fanka wanda shi yake ɗaukar takarda da kansa, shi har yanzu zaka gan shi a maɗaba'u da yawa yana aikin sa lamba a rasit da hujin yagewa da yankan kwali, ko da sauran aikin ya koma kan injin ofset irin Kord, mai bugu ba da haruffan dalma ba, da firintar zamani. Na hannu da na ƙafa ba ruwansu da NEPA, an kawo wuta ko an ɗauke kai dai aikinka kake, kuma a garin nan wannan ba ƙaramin abu bane.

Yanzu jeri, nan ne zuciyar aikin. Ka fara rubuta abin da zaka buga a takarda da hannu, ka karanta shi sau biyu, in katin biki ne ka kira mai aikin ya tabbatar da sunaye da rana da wuri kafin ka taɓa kes. Ka saita faɗin layi a sitik ka ɗaure, ka sa led ɗaya a ƙasa. Sitik a hagu, hannun dama yana tsinto haruffa. Daga hagu zuwa dama ake jerawa kamar yadda ake rubutun boko, amma kan harafin yana kallon ƙasa, wato a kife. Kowane harafi yana da 'yar tsaga a gefe ɗaya na jikinsa, wannan tsagar ita zata riƙa kallon sama ta inda sitik yake buɗe, babban yatsanka na hagu yana tallafe da harafin ƙarshe yana kuma shafa tsagar, in ka gama layi ka ga tsagogin sun yi layi ɗaya ɗoɗar toh ba wanda ya juye, in ɗaya ta ɓace akwai matsala a wurin. Kar ka yarda ka juya sitik ɗin don ka karanta, ka koya wa idonka karatu a kife tun ranar farko, sati biyu zuwa uku zaka ga ya zame maka jiki.

Inda kowa ke faɗawa shi ne b da d da p da q, domin a juye kowanne yana kama da ɗan'uwansa. Mu masu Hausa namu ya fi yawa saboda ga ɓ ga ɗ sun ƙaru. Kuma nan ne babbar wahalar mai jeri da Hausa, yawancin kes ɗin da zaka samu na Turanci ne, ba ƙ ba ɗ ba ɓ, ga shi harafin a kaɗan ne a cikinsu tunda an ƙirga su ne daidai da buƙatar Turanci inda e ya fi yawa, mu kuwa kusan kowace kalma sai da a, kafin ka gama layi biyar ɗakin a ya zama wayam, k da y da w ma haka, q da x da v kuwa suna nan zaune ba mai taɓa su. Saboda haka in da hali ka sayi kes biyu iri ɗaya, in babu ka raba aikin gida biyu, ka buga rabi ka wargaza ka jera sauran. Haruffa masu lanƙwasar nan a shekarun 1930 suka shigo rubutun boko, kafin nan ɗigo ake sawa a ƙasa ko 'yar waƙafi a sama. In baka da su kar ka bar wurin haka kawai, ka sa waƙafin sama, 'b da 'd da k', ko ka kai a yi maka bulo, wato a fitar maka da rubutun da tudu a kan ɗan katako ko ƙarfe mai tsayin harafi. Na ga Baba ya hana a fitar da katin ɗaurin aure da aka riga aka buga gaba ɗaya saboda an rubuta manyan baki a maimakon manyan baƙi, yaron da ya jera ya ce Baba ai kowa zai gane, ya ce masa kai ɗan nan iyayen mutane ne aka sa sunansu a ƙarƙashin wannan kalmar. Takardar daga aljihunsa ya sake saya.

In layi ya cika sai a daidaita shi da sifes har ya matse. Ma'aunin shi ne in ka ɗan karkata sitik layin ya tsaya bai zube ba, amma kuma ba da ƙarfin tsiya ka cusa na ƙarshen ba. In layin tsakiya kake so kamar na katin gayyata, sifes iri ɗaya adadi ɗaya dama da hagu. Duk layukan dole matsewarsu ta zo ɗaya, layi ɗaya mai sako-sako ya isa ya zubar maka da aikin yini. Layi uku ko huɗu sun isa, sai ka zame su a hankali zuwa kan tire, ka matse da yatsu ta kowane gefe, zamewa ake yi ba ɗagawa ba. In sun zube, kuma zasu zube maka ko sau ɗaya ne, ka zauna ka tsince su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya faɗi ƙasa a kan siminti ka duba fuskarsa da kyau don dalma tana da laushi.

Ɗauri. Ka share teburin tas, ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin harafi zata ɗaga shi. Ka sa aikin a tsakiyar ces, ka kewaye shi da katakan cike, makulli ɗaya ta sama ɗaya ta dama. Ka ɗan matsa kaɗan, ka ɗora katakon daidaitawa a kan haruffan ka ƙwanƙwasa a hankali da bayan mabuɗi don kowa ya zauna a ƙafarsa, sannan ka ƙara matsewa, wannan kaɗan wancan kaɗan. Kar ka cika ƙarfi, ces yana lanƙwasa har ya tsage. Gwaji shi ne ka ɗaga gefe ɗaya ka tura mabuɗin a ƙasa, ka bi haruffan da yatsa kana dannawa, duk wanda ya nutse layinsa bai matse ba, ka kwance ka gyara da siririyar takarda ko sifes.

Tawada kaɗan ake sawa. A ƙaramin inji kamar ƙwayar gyaɗa ta isa, ka shafa a kan faifan tawada da ke saman injin ka yi ta kai rola tana komowa ba tare da ces a ciki ba har faifan ya yi sumul. Kunnenka zai gaya maka, in daidai ne zaka ji wani siririn sauti sii-sii, in kana jin ɗanƙo yana ƙara caɓ-caɓ ta yi yawa, kuma in ta yi yawa cikin a da e da o duk zai toshe. Ƙarawa ta fi ragewa sauƙi. Tawadar ofset da ake sayarwa a shagunan kayan maɗaba'a tana yi, amma ta hatimi da ta firinta basa yi sam. Lokacin hunturu da safe tawada takan yi tauri, ka murza ta da wuƙa a kan gilashi sosai kafin ka ɗora, kuma ka rufe ƙofa don ƙurar Disamba da Janairu in ta hau rola zaka ga fararen ɗigo a cikin rubutu. Da damina kuma takarda ce ke shan sanyi tana lanƙwashewa, bushewa ma tana ɗaukar lokaci.

A kan farantin da takarda ke kwanciya ana yin shimfiɗa, takardu biyu ko uku da ɗan kwali mai tauri sai wata takarda mai ƙarfi a sama a ɗaure. Ka fara da shimfiɗa kaɗan. Ka sa ces, ka duba 'yan hannuwan ƙarfen nan masu riƙe takarda ka tabbata basa saitin haruffa, in suna saiti bugu ɗaya zai murƙushe maka su kuma yau ba inda zaka je ka sayo madadinsu cikin sauƙi. Bugun farko a kan shimfiɗar kanta ake yi, ka goge, ka auna inda katin zai zauna ka manna 'yan tokare uku, biyu a ƙasa ɗaya a gefe. Sai ka buga gwaji ɗaya ka fita da shi waje cikin haske. Ka karanta harafi-harafi, ka ba wani ma ya karanta. Ka juya bayan ka shafa. Inda ya fito dishi-dishi kar ka ƙara tawada, ka yanko 'yar siririyar takarda daidai wurin ka manna a cikin shimfiɗar. Wannan gyaran yakan ci lokaci fiye da bugun kansa, kuma shi ne yake raba aikin gwani da na mai gaggawa.

Akwai saɓani kan ƙarfin bugu. Mutanen da sun fi son harafi ya taɓa takarda kawai ya bar tawada ba tare da ya lotsa ta ba, yanzu kuma masu katin biki sun fi son ya nutse a cikin kati mai kauri a ji shi da hannu. Ni ra'ayina in haruffan dalma ne tsofaffi kar ka nutsar da su, cinye su kake yi. In nutsewa ake so a yi filet na roba mai tauri daga zanen kwamfuta a manna a kan bulo, in ya lalace a sake wani.

Wajen bugu, dama tana saka takarda hagu tana cirewa, ka samu kiɗanka kar ka yi sauri. Dan Allah in takarda ta karkace ko ta faɗa ciki ka barta ta tafi, kar ka bi ta da hannu, injin feda ba ya tsayawa don yatsa, akwai tsofaffin ma'aikata a garin nan da hannunsu zai baka labari. Hannun riga a naɗe, in babbar riga ce a cire, kuma ba a waya a gaban inji. Waɗanda ka buga ka baza su ko ka jera kaɗan-kaɗan, in ka tula su tawadar na ƙasa zata kama bayan na sama. Ka barsu su kwana.

Batun dalma kuma ba wasa bane, mun ga abin da gubarta ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Riƙe harafi da hannu ba shi ne haɗarin ba, kaiwa baki ne. Kar ka ci goro ko gyaɗa kana jeri, kar ka hura ƙurar kes da baki, kar ka bar yara su yi wasa da haruffa, kuma kar ka ce zaka narka su a gida.

Wanda bai samu inji ba tukuna zai iya farawa a yau. Ka jera sunanka ka ɗaure a ces, ka murza tawada a kan gilashi da 'yar rolar hannu ka shafa, ka ɗora takarda ka goga bayanta da bayan cokali. In haruffan ma babu ka koma kan silifa ko guntun katako mai laushi, ka zana a takarda ka kifa a kai don ya fito a baibai ka sassaƙe kwarin.

Da ka gama bugu ka wanke haruffan da kananzir da tsohon buroshin haƙori tun tawada bata bushe a cikinsu ba, rola da faifai ma haka da tsumma mai laushi. Kar ka bar rola ta kwana a kan faifai, gefen da ta kwanta zai baje, ka cire ta ka rataye a inuwa, in irin ta da ce mai haɗin gam zafin Maris da Afrilu yana narkar da ita ɓeraye da kyankyasai ma suna ci, ta roba ta fi jure garin nan. Sannan ka kwance ces ka ɗauki layi ɗaya-ɗaya, kana karanta kalmar kana sakin kowane harafi a ɗakinsa, b da d da ɓ da ɗ ka duba su sau biyu kafin ka saki, don wanda ka jefa a ɗakin da ba nasa ba shi zai fito maka a katin wani bayan wata uku. Sifes da led kowanne da girmansa a ware. In kes ya koma daidai ka rufe shi da kwali saboda ƙura, ka je ka wanke hannu da sabulu har ƙarƙashin farce kafin ka taɓa abinci.